Ƙwayoyin ruwan da ke zaune daram a jikin furotin

Idan masana na son ganin siffar furotin, wato sinadarin da ke gina jiki yana kuma gudanar da ayyukansa, sukan daskarar da shi ya zama ƙanƙara mai tsari irin ta gishiri, wadda ake kira kiristal, sannan su haska ta da eksire. Ta haka John Kendrew ya fitar da siffar furotin ta farko a Kambirij da ke Ingila a 1958. Sai dai wannan ƙanƙara ba busasshiya ba ce, kusan rabinta ruwa ne.

Akasarin ruwan yawo yake yi, don haka ba ya fitowa a hoto. Amma akwai ƙwayoyin da ake samu a gurbi guda a jikin kowane furotin da ke cikin kiristal ɗin, maƙale a lungunansa. Su ne tsararrun ƙwayoyin ruwa. Gurbin ne ke dawwama, ba ƙwayar ba. Tamkar rumfar kasuwa, wannan ya tashi wancan ya zauna. Eksire kuwa oksijin ɗin ƙwayar yake nunawa, da wuya ya kama haidurojin ɗinta biyu, shi ya sa akan ɗauki ɓurɓushin gishiri a matsayin ruwa idan mai bincike ya yi gaggawa.

Inda lamarin ya fi shafar jama'a shi ne haɗa magani. Ƙwayar cutar ƙanjamau tana da wani furotin mai aikin almakashi, wanda idan babu shi ba ta iya samar da 'ya'ya masu kama mutum. Da aka duba hotonsa riƙe da magungunan farko, sai aka ga ƙwayar ruwa guda, wadda aka fi sani da lamba 301, tana haɗa maganin da marufan furotin biyu kamar gada. A 1994 masu bincike na kamfanin DuPont Merck suka bayyana wani sinadari da suka ƙera mai oksijin nasa a daidai wurin, ya ture ruwan ya gaje aikinsa. Maganin tipranavir, wanda Amurka ta amince da shi a 2005 domin masu cutar da sauran magunguna suka daina yi wa aiki, shi ma ture wannan ƙwayar yake yi.