Lissafin Kwanakin Mata, Daga Zaure Zuwa Ɗakin Gwajin Jini

Tun kafin a san allurar ɗibar jini a ƙasar Zazzau da kudancinta, matan Musulmi ma'abota lissafi ne, domin salla da azumi da idda duk sun rataya a kan sanin ranar da haila ta zo da ranar da tsarki ya samu. Littattafan da ake fara buɗewa a zaure, irin su Ahalari da Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, sun zo da hukunce-hukuncen haila, kuma bisa mashhurin zance a mazhabar Malikiyya mafi yawan kwanakinta 15 ne, mafi ƙarancin tsarki shi ma 15. Da Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, jajojinta, wato malamanta mata, suka riƙa kai karatun ibada har ƙauyuka, wurin matan da ba su taɓa riƙe allo ba.

Sai dai wannan lissafi na ibada ne, ba a juya shi wajen neman haihuwa ba. Macen da ta shekara biyu ko uku a ɗakin miji ba ta yi ko ɓatan wata ba, akan kai ta wurin ungozoma a jiƙa mata saiwoyi, ko wurin malam a wanke mata rubutu, in abin ya faskara kuwa a kira ta juya, kalmar da nauyinta ya danne bayin Allah masu yawa waɗanda ba su da laifin komai. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ba ta haihu ba, 'ya'yan riƙo ta rena.

Ilimin da ya haɗa ƙidaya da haihuwa daga nesa ya zo. A wajejen 1930 likitoci biyu, Ogino a Japan da Knaus a Ostiriya, suka nuna cewa ƙwan mace yana fita ne kimanin kwana 14 kafin hailar da ke tafe, abin da ke nufin daga gaba ake ƙirgowa baya. A 1934 aka tace sinadarin furojestaron, wanda ke hauhawa bayan fitar ƙwai domin shirya mahaifa, sannan a wajejen 1960 Rosalyn Yalow da Solomon Berson a Amurka suka ƙirƙiro hanyar auna ɗan mitsitsin homon a cikin jini.

To, a yau macen Kujama, hedkwatar ƙaramar hukumar Chikun, Bagwariya ce ko Bahaushiya, Kirista ko Musulma, idan ta hau mota zuwa asibitin Barau Dikko a Kaduna ko na koyarwa da ke Shika domin neman haihuwa, abin da ake fara tambayarta shi ne ranar da ta ga wanki. Gwajin homon FSH da LH ana ɗibar jininsa ne tsakanin rana ta 2 da ta 5, alhali na furolaktin da na maƙoshi ba su zaɓi rana ba. A nan akwai wani saɓani da ya kamata a fayyace mata: malaman Malikiyya suna lissafa fatsi-fatsi da gurɓataccen ruwa a cikin haila, amma rana ta farko a wurin likita ita ce wadda jini ya zubo sosai.

Abin da ya fi damuna shi ne gwajin furojestaron, wanda ya shahara da sunan gwajin rana ta 21. Wannan adadi ya dace ne kawai da mai zagayen kwana 28, domin abin nufi shi ne kwana 7 kafin haila ta gaba; mai zagayen kwana 35, idan aka ɗebi jininta a rana ta 21, sakamako zai fito ƙasa, a ce mata ba ta fitar da ƙwai, ta koma gida da baƙin ciki bayan asarar kuɗin mota da na gwaji, alhali ranarta ta 28 ce. Wajibi ne ma'aikacin lafiya ya tambaye ta lissafinta na watanni uku kafin ya rubuta rana a takarda, ya kuma kira maigida a auna maniyyinsa, tunda shi gwajinsa ba ya jiran wata, ƙauracewar kwana 2 zuwa 7 kawai yake bukata.