Yakuwa da zoɓo: abinci, magani da hajar kasuwa a birnin Kano

Da wuya a sami gida a cikin birnin Kano da ba a san yakuwa ba. Ganyenta na shiga miya, da kwanson furenta ake yin zoɓo, 'ya'yanta kuma ake yin daddawar batso da su.

A shekarun baya-bayan nan binciken likitoci ya nuna cewa zoɓo na iya rage hawan jini, yayin da 'yan kasuwa ke fitar da shi zuwa ƙasashe masu nisa kamar Meziko.

Sai dai masana na gargaɗin cewa duk abin da ke da ƙarfin yi wa jiki aiki, to yana da ƙarfin yin illa idan ba a san ƙa'idarsa ba.

Wace irin shuka ce?

Masana tsirrai na kiran yakuwa da suna Hibiscus sabdariffa. Danginta ɗaya da rama da kuɓewa da auduga.

Shuka ce ta shekara guda, wadda tsawonta kan kai mita 1 zuwa 2. Da yawa daga cikin masana na ganin cewa asalinta Afirka ne, musamman yankin Sudan, kuma daga nan ta yaɗu zuwa Asiya. A zamanin cinikin bayi ne ta tsallaka teku zuwa nahiyar Amurka.

Hausawa sun bai wa kowane sashe nata suna. Ganyen shi ne yakuwa, ko kuma sure a wasu sassan ƙasar Hausa. Kwanson da ake busarwa shi ne zoɓo ko zoɓorodo, 'ya'yan kuma gurguzu.

Mutane da dama na ɗaukar cewa zoɓo fure ne, amma ba haka abin yake ba. Furen yakuwa ruwan ɗorawa ne mai haske da jan ɗigo a tsakiya, kuma yini guda yake yi ya yanƙwane.

Bayan ya faɗi ne kwanson da ke tallafe da shi yake kumbura, ya yi kauri, ya lulluɓe ƙunshin 'ya'yan. Wannan kwanso shi ake ɓarewa a shanya.

Akwai ja, da mai duhu wanda ake kira baƙi, da kuma fari. Ja da baƙi ake jiƙawa a sha, farin kuma an fi sa shi a miya.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake shan sa ba. A Masar da Sudan sunansa karkade, a Senegal bisaf, a Ghana sobolo, a Kamaru kuma folere. Mutanen Jamaika na shan sa a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara.

Gonaki a cikin ganuwa

Noman kayan miya a cikin birni tsohon abu ne a Kano. Ganuwar da tarihi ya ce an soma gina ta a zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, ba gidaje kaɗai ta zagaye ba.

Baturen nan ɗan yawon bincike, Hugh Clapperton, wanda ya isa Kano a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwar ba. Ragowar gonaki ne da lambuna.

A yau gine-gine sun cinye akasarin waɗannan filaye. Abin da ya rage wa mazauna unguwanni irin su Yakasai da Mandawari da Gwale shi ne gefen tsakar gida, ko kangon da ba a gina ba.

Yakuwa na cikin tsirran da suka dace da irin wannan matsi, domin tana yi ko da a tsohon bokiti ne ko buhun da aka cika da ƙasa da taki.

Ana shuka ta idan damina ta kankama, wato a watan Yuni ko Yuli. Akan sa ƙwaya biyu ko uku a rami marar zurfi, kuma cikin 'yan kwanaki take tsirowa.

Tana son rana sosai, ba ta son inda ruwa ke kwanciya. Bayan kamar makonni shida ana iya soma tsinkar ganyen, kuma tsinke kan yana sa ta yi rassa.

Ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wajen watan Satumba zuwa Oktoba. Saboda haka mai son zoɓo sai ya jira kaka, kuma kada ya cika tsinkar ganyen.

Akwai abu guda da ya kamata a kiyaye: kada a yi mata ban ruwa da ruwan kwata. Binciken da aka sha yi a kan lambunan da ke shan ruwan Jakara da Getsi ya nuna cewa kayan lambu na iya ɗaukar gubar da ke cikin gurɓataccen ruwa.

A tukunya

Tsami shi ne abin da ake nema a yakuwa. Shi ke daidaita zaƙin kabewa da maiƙon gyaɗa a miyar taushe, shi ne kuma ke ba fate ɗanɗanonsa.

Idan tsamin ya yi yawa, mata kan tafasa ganyen su zubar da ruwan farko, ko su jefa 'yar kanwa. Kanwa na kashe tsami, amma tana lalata sinadarin bitamin C da ke cikin ganyen, don haka ba a son ta yi yawa.

Ana kuma shanya ganyen a ajiye domin rani, lokacin da ɗanyen ganye ke tsada.

Gurguzu kuwa, dafa shi ake yi na tsawon sa'o'i, a rufe shi kwanaki har ya ruɓa, sannan a daka a shanya. Abin da ake samu shi ne daddawar batso, wadda ke maye gurbin daddawar kalwa a gidaje da yawa, musamman a karkara da kuma Jamhuriyar Nijar.

Ko karan ba a yar da shi, domin ana samun zaren tufka igiya a jikin ɓawonsa kamar na rama.

Shi kuwa zoɓon sha, ana ɗauraye busasshen kwanson a cire ƙasa, a tafasa ko a jiƙa shi ya kwana, tare da citta da kanumfari, wasu su ƙara ɓawon abarba. Daga nan sai a tace a sa sukari.

Kasuwarsa ta fi ci a lokacin zafi da watan azumi, da kuma wajen biki da suna. Matan aure da dama a cikin birni na yin sa a gida, su ƙulla a leda ko su ɗura a roba a kai bakin kasuwa, kuma da ribar suke biyan ƙananan buƙatunsu.

A kasuwannin Rimi da Kurmi ana auna busasshen zoɓo da kwano, kusa da masu sayar da kayan yaji. Ita Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, take ci.

Me bincike ya nuna?

Masu maganin gargajiya sun daɗe suna ba da zoɓo domin sanyaya jiki, da sa fitsari, da sassauta ciki. Amma abin da masana kimiyya suka fi mayar da hankali a kai shi ne hawan jini, cutar da ƙiyasi ke nuna cewa tana damun kimanin mutum ɗaya cikin manya uku a Najeriya.

A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts da ke Amurka sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da mutane 65 waɗanda jininsu ya ɗan hau.

An bai wa wasunsu kofi uku na shayin zoɓo a kullum har makonni shida, sauran kuma aka ba su wani abin sha mai kama da shi wanda babu zoɓo a cikinsa.

Lambar sama ta awon jinin masu shan zoɓon ta sauka da kimanin maki 7, ta sauran kuma da ɗan abin da ya haura maki 1.

A 2015 wasu masana sun haɗa sakamakon gwaje-gwaje biyar da suka ƙunshi mutane 390, inda suka ga lambar sama ta ragu da kimanin maki 7 da rabi, ta ƙasa kuma da maki 3 da rabi.

Sai dai cibiyar Cochrane, wadda ke tace binciken likitanci da tsauraran sharuɗɗa, ta duba batun a 2010 da kuma 2021, kuma duka biyun ta ce hujjojin ba su kai a ɗauki zoɓo a matsayin maganin hawan jini ba.

Abin lura a nan shi ne, gwaje-gwajen ƙanana ne, na 'yan makonni, kuma akasari a kan waɗanda jininsu bai hau sosai ba. Ragin maki 7 ba zai wadatar da mutumin da awonsa ya kai 180 ba, alhali daga 140 bisa 90 ake cewa jini ya hau.

Don haka likitoci ke jan kunnen masu wannan cuta da kada su ajiye maganin asibiti su koma zoɓo. Hawan jini kan daɗe bai nuna alama ba, har sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda.

Akwai kuma zancen da ya yaɗu cewa zoɓo na ƙara jini saboda ja ne. Jan nasa daga wani launi ne na tsirrai da ake kira antosayanin, wanda ba shi da alaƙa da jinin ɗan Adam. Wanda ake zaton jininsa ya yi ƙasa, awo yake buƙata domin a gano dalili.

Inda ake buƙatar hattara

Zoɓo na iya sauya yadda wasu magunguna ke aiki a jiki. Wani bincike da aka yi a Sudan a 1994 ya nuna cewa shan kulorokwin da karkade na rage yawan maganin da ke shiga jini. Haka abin yake da ruwan tsamiya da na lemon tsami.

Ko da yake tun 2005 Najeriya ta daina ɗaukar kulorokwin a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, darasin na nan. A 2004 ma wani ƙaramin bincike a Jami'ar Jos ya nuna cewa zoɓo na shafar yadda jiki ke fitar da farasitamol.

Shawarar masu harhaɗa magunguna ita ce a haɗiyi magani da ruwa zalla. Mai shan maganin hawan jini ko na ciwon sukari kuma ya sanar da likitansa idan yana shan zoɓo kullum, domin haɗuwar biyun na iya sa awon ya faɗi fiye da kima.

Mata masu juna biyu ana ba su shawarar su guji shan sa da yawa. Wannan shawara ta samo asali ne daga gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye, kuma an ɗauke ta ne a matsayin rigakafi.

Sukari ma matsala ne. Zoɓon da aka yi gwaji da shi a asibiti ba irin na talla ba ne mai zaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a 2015 cewa kada sukarin da babban mutum ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12.

Sai batun tsabta. Ruwan da ba a tafasa ba, da ƙanƙarar da ba a san asalinta ba, da robobin da aka tsinto ba a wanke da kyau ba, duk hanyoyi ne na kamuwa da taifot da amai da gudawa.

Mutanen Kano ba za su manta da abin da ya faru a watan Maris na 2021 ba, lokacin da aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti bayan sun sha lemon da aka haɗa a gida. Gwamnatin jihar ta ce mutane 10 sun rasu.

Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta ce ta gano wani sinadari mai guba da aka sayar da sunan ɗan tsami. Zoɓo dai yana da tsaminsa na halitta, ba ya buƙatar wannan ƙari.

Daga Dawanau zuwa Meziko

Akasarin zoɓon da ake gani a Kano daga karkara yake zuwa. Jihar Jigawa na kan gaba wajen noma shi, sai Kano da Katsina da Bauchi da Yobe, da kuma yankunan Maraɗi da Damagaram a Nijar.

A da a kan iyakar gona ake shuka yakuwa, domin ta raba gonar wani da ta wani. Yanzu akwai manoman da ke ware mata gona sukutum, saboda tana jure ƙarancin ruwa da jigawa.

Aikin ɓarewa, wanda yawanci mata da yara ke yi, yana da wahala, domin ƙunshin 'ya'yan na da ƙaiƙayi.

Daga kasuwanni irin su Maigatari ake kawo buhuna zuwa Dawanau da ke kan hanyar Katsina, inda ake tsincewa a ɗaure, a kai tashar jiragen ruwa ta Legas.

Jamus da Amurka na saye domin haɗa shayin ganyaye, amma Meziko ce babbar kasuwa. Hukumar da ke tantance lafiyar amfanin gona a kan iyakokin Najeriya ta ce a cikin watanni tara na 2017 an kai wa ƙasar kwantena 1,983, na kimanin dala miliyan 35.

Ba da jimawa ba Meziko ta dakatar da sayen, bayan ta ce ta ga wani ƙwaro mai ɓarnar kayan ajiya a cikin hajar. An ɗauki shekaru kafin ƙasashen biyu su daidaita a kan sharaɗin yi wa kayan feshi kafin a loda su.

Wannan dakatarwa ta nuna wa manoma da 'yan kasuwa cewa darajar zoɓo ta dogara ne a kan yadda aka shanya shi da inda aka ajiye shi. Wanda aka baza a ƙasa ya kwashi yashi, ko aka ɗura a buhu bai gama bushewa ba ya yi funfuna, ba ya karɓuwa a waje, kuma bai dace a sha shi a gida ba.