Kukan Kurciya: ɗan Galmi da ya bi sawun mahaifinsa har Abijan

A shekarar 2010 wani ɗan Nijar, Sani Elhadj Magori, ya fitar da fim mai tsawon awa ɗaya da 'yan mintuna, ya sa masa suna Kukan Kurciya, wanda ake rubutawa Koukan Kourcia bisa ƙa'idar Faransanci. Fim ne na zahiri, babu 'yan wasa a cikinsa, kowa kansa yake wakilta. Abin da ya ɗauko kuwa maganar cikin gidansu ce. Mahaifinsa ya tafi Abijan neman arziki, shekaru suka yi ta shuɗewa bai komo ba. Da wuya a samu ɗan ƙungiyar nan da bai san irin wannan gida ba, in ma ba nasu ba ne.

An haifi Sani a 1971 a Galmi, garin nan na jihar Tawa da ke kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa, wanda albasarsa ta yi suna a kasuwannin Afirka ta Yamma. Aikin gona ya fara karantawa, daga baya ya koyi shirya fim a Jami'ar Gaston Berger ta Saint-Louis a Senegal. Fim ɗin da ya fito da shi a 2008 ma a Galmi ya ɗauke shi, kan wani aure da ya rataya ga yadda albasa za ta yi kyau da yadda za ta yi kuɗi a kasuwa.

Hanyar da mahaifin nasa ya bi tsohuwa ce. Tun kafin zuwan Turawa fatake ke ratsa ta zuwa Gwanja sayen goro. Da Faransawa suka ɗora harajin kai da aikin tilas, samarin Adar da na ƙasar Zabarma suka riƙa gangarawa Kumasi da Akra bayan an kawar da amfanin gona, su yi dako ko talla, su komo kafin ruwan shuka da kuɗin haraji da na aure. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya a Gana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice. Daga nan akalar masu bida ta ƙara karkata zuwa Kwaddebuwa, inda Shugaba Houphouët-Boigny ya buɗe wa baƙi ƙofa, koko da kofi na kawo kuɗi, tashar jiragen ruwa ta Abijan kuma na neman hannu. Farin 1973 da na 1984 suka ƙara ingiza mutane. Sawun mutanenmu a birnin har cikin abinci ya shiga: abincin rogo da soyayyen kifi da duk Abijan ke ci a bakin titi garba ake ce masa, saboda 'yan Nijar ɗin da suka shahara da sayar da shi.

Sani ba shi ne na farko da ya juya kyamara ga waɗannan matafiya ba. Bafaranshe Jean Rouch ya bi wasu samari uku daga Nijar zuwa Gana tun a 1954, abin da ya zama fim ɗin Jaguar. A 1958 kuma ya fitar da Moi, un noir, kan leburorin Nijar a unguwar Treichville ta Abijan. Jarumin wannan fim, Oumarou Ganda, tsohon sojan Faransa ne da ke aikin ƙarfi a birnin, shi ne kuma daga baya ya zama mai shirya fim har ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Rouch ɗin ma a kusa da Birnin Ƙonni ya rasu cikin haɗarin mota a 2004. Sai dai matafiyan finafinansa samari ne masu jini a jika, ana kallon tafiyar daga wajen mai tafiya. Shekara hamsin bayan haka sai ga wanda aka bari a gida ya girma, ya ɗauki kyamara, ya je ya ga abin da ya riƙe tsohonsa.

Dabarar da ya yi ita ce ƙashin bayan fim ɗin. A shekarun 1970 akwai wata zabiya a yankinsu, Hussey, wadda waƙoƙinta suka zuga samari da dama suka bar gida. Wanda ya taɓa tsayawa a dandali ya san ƙarfin bakin zabiya: in ta wasa wanda ya dawo daga kurmi da rediyo da turamen zane, ta yi wa mazaunin gida shaguɓe a gaban 'yan mata, to washegari wani zai ɗaura kayansa. Sani ya nemo wannan baiwar Allah bayan ta tsufa, ya roƙe ta ta bi shi har Abijan, ta yi wa mutanen da ta kora sabuwar waƙa mai kiransu gida, cikinsu har da mahaifinsa. Ta amince, suka kama hanya.

Bahaushe zai ji abu biyu a sunan fim ɗin. Akwai karin maganar da ke cewa kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Akwai kuma kurciya ta asiri, wadda ake cewa an yi wa mutum idan ya bar garinsu ya shiga duniya ya kasa waiwayowa. Maganinta a al'ada shi ne kiranye. To ga wadda bakinta ya zama kurciya, an ɗauko ta ta zo ta yi kiranye da bakin nan dai. Mai kallo da ke dogara da fassarar da ke ƙasan allo ba zai kama wannan ba.

A ganina akwai wani dalili da ya sa dole ya bi ta hannun zabiya. A tarbiyyarmu ɗa ba ya tsare mahaifinsa da tambaya, balle ya ce masa tattara ka koma gida, balle kuma a gaban kyamara. Mai shirya fim a Turai yana iya zaunar da iyayensa ya tone su har su yi kuka, a yaba masa. A wurinmu wannan rashin kunya ce, danginsa ma ba za su yafe masa ba. Amma mawaƙi yana da izinin faɗar abin da ɗa ba ya iya faɗa, ko a gaban sarki. Da Sani ya sa Hussey a gaba, sai ya isar da saƙonsa bai zubar da girman mahaifinsa ba.

Me ke hana mutum komawa? Sau da yawa ba daɗin can ba ne. Wanda ya fita da alkawarin dawowa da arziki, kowace shekara da ta wuce nauyin tsarabar da ake jira a hannunsa ƙaruwa yake yi. Ga shi Kwaddebuwar da suka tarar ta canza: farashin koko ya faɗi a shekarun 1980, aka fito da katin zaman baƙi a farkon shekarun 1990, Houphouët ya rasu a Disamba 1993, wata guda bayan haka aka karya darajar sefa da rabi. Sannan siyasar waye ɗan ƙasa na asali ta kunno kai, yaƙi ya ɓarke a 2002. Mutum ya yi iyali a can, ko ya tsufa hannu wofi, sai kunyar komawa ta fi masa wahalar zama ciwo.

A shekarar da fim ɗin ya fito aka yi zaɓen shugaban ƙasa a Kwaddebuwa tsakanin Laurent Gbagbo da Alassane Ouattara. Rikicin da ya biyo baya ya kai watan Afrilu na 2011, ya ci rayuka kimanin 3,000, kuma baƙi 'yan ƙasashen Sahel na cikin waɗanda aka riƙa tarewa a shingayen unguwannin Abijan ana duba takardunsu.