Daga Maikurofish Zuwa Intanet: Tarihin Rumbun ERIC da Mujallun Malamai

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin yadda mujallun malaman makaranta da na masu kula da laburaren makarantu suka baro takarda suka koma intanet. Da yake fagen yana da faɗi, mun zaɓi misali guda, watau rumbun bayanan ilmi na ƙasar Amurka da ake kira ERIC, wanda da yawa daga cikin mahalarta wannan taro sun leƙa shi sa'ad da suke rubuta kundin digiri. Abin da muke son nunawa shi ne, komawar nan ta sauƙaƙa samun rubuce-rubuce ƙwarai, amma kuma ta mai da mabuɗin rumbun hannun hukuma guda.

Tushen al'amarin siyasa ce. A shekarar 1957 Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, sai hankalin Amurkawa ya tashi, suka ɗora wa makarantunsu laifin barinsu a baya. Gwamnati ta shiga zuba kuɗi a harkar ilmi ta hanyar dokar 1958, sa'an nan ta 1965, wadda wani sashe nata ya ware kuɗi musamman don laburaren makarantu. Rahotannin bincike suka yi ta kwarara zuwa ofishin ilmi na tarayya, ana jibge su, malamin aji kuwa da aka yi binciken dominsa bai ma san da su ba. Don magance wannan ne ERIC ta fara aiki sosai a 1966.

Tsarin da aka bi ya cancanci a tsaya a kansa. Ba a tara aikin wuri ɗaya ba, sai aka rarraba shi ga matattaru, galibinsu a jami'o'i da ƙungiyoyin masana, kowace da fanninta: wannan ta koyar da karatu, waccan ta kimiyya da lissafi, wata ta ilmin karkara, wata ta horar da malamai. Daga baya yawansu ya tsaya a 16. A kowace matattara masana ne ke karanta abin da ya shigo, su zaɓa, su rubuta tsakure, su laƙaba masa kalmomin bincike daga wani ƙamus da aka tanada. Tun 1966 ake buga fihirisar rahotanni wata-wata, a 1969 kuma aka ƙara ta biyu don maƙalun mujallu. Rahoto yana ɗaukar lamba mai farawa da ED, maƙalar mujalla kuwa EJ.

Wannan bambanci ba na lamba ba ne kawai. Yawancin rahotannin ED akan ɗauki hotonsu ɗungum a kan maikurofish, watau ɗan fallen fim mai faɗin tafin hannu wanda ke cin shafi har wajen 90, a sayar wa laburare, a karanta da na'ura mai ƙara girman rubutu. Maƙalun EJ kuwa haƙƙin mallakarsu na masu buga mujallu ne, saboda haka tsakure kaɗai ake bayarwa. An faɗa wa malami cewa maganin matsalarsa yana shafi kaza na mujalla kaza, an bar shi da neman mujallar.

Intanet ta fara cike wannan giɓi ta fuska biyu. A 1992 matattarar da ke Jami'ar Sirakus ta buɗe AskERIC, inda malami zai aika da tambaya ta imel, ma'aikacin laburare ya bincika ya amsa masa cikin kwana biyu. Ta ɗaya fuskar kuma, mujallu suka fara fitowa kyauta ba tare da sun bi ta maɗaba'a ba. Gene Glass na Jami'ar Jihar Arizona ya kafa Education Policy Analysis Archives a 1993, ƙungiyar masu kula da laburaren makarantu ta Amurka kuma ta fara fitar da mujallarta ta bincike a intanet a 1998, wadda tun 2012 ake kira School Library Research.

A nan ne tarihin ya shafe mu kai tsaye. Bayan faɗuwar darajar naira da ta biyo tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, laburaren manyan makarantunmu da dama sun kasa ci gaba da biyan kuɗin mujallun waje. Don haka duk rumbun da ya buɗe ƙofa kyauta, a wurinmu ya wuce sauƙi, ya zama madogara. Haka muka karɓi ERIC, haka kuma muka karɓi AJOL, dandalin mujallun Afirka da aka fara a Ingila a 1998, aka mai da ragamarsa Afirka ta Kudu a 2005.

Babban sauyi ya zo da dokar 2002 da ta sake fasalin binciken ilmi a Amurka. A ƙarshen 2003 aka rufe matattarun nan 16 baki ɗaya, aka danƙa aikin ga ɗan kwangila guda. A 2004 sabon shafin ya fito da cikakkun rahotanni fiye da 100,000 kyauta, aka kuma daina sayar da maikurofish. Babu mai musun wannan riba. Sai dai AskERIC ta tafi tare da matattarun, haka nan 'yan taƙaitattun bayanan nan masu shafi biyu da masanan ke rubutawa don malamin da ba shi da lokacin karanta rahoto mai shafi 200. A ganinmu mai bincike ne ya ci ribar sauyin, malamin aji da mai kula da laburaren makaranta kuwa sun rasa wanda ke tace musu.

Illar tara kome a hannu ɗaya ba ta daɗe ba ta bayyana. A watan Agustan 2012 aka toshe cikakkun rahotanni masu ɗimbin yawa, bayan an gano cewa wasu tsofaffin takardu suna ɗauke da bayanan sirri na mutane, aka ɗauki lokaci mai tsawo ana tantancewa ana maido su. A watan Oktoban 2013 kuma, sa'ad da rikicin kasafin kuɗi ya tsai da ayyukan gwamnatin Amurka na kwana 16, shafin ya rufe. Laburaren da ba su zubar da akwatunan maikurofish ɗinsu ba, waɗanda ake yi wa kallon masu riƙon tsohon yayi, ba su rasa abin karantawa ba.

Na baya-bayan nan shi ne na 2025, lokacin da aka sanar cewa, saboda tsuke bakin aljihun gwamnati, za a rage yawan mujallu da sauran kafofin da ake shigarwa fihirisar da kimanin kashi 45 cikin 100. Wannan ya fi na baya wuyar ganewa, domin shafin yana buɗe, bincike kuma yana kawo sakamako kamar kullum. Mujallar da aka cire tana ci gaba da fitowa, sai dai sababbin maƙalunta ba za su bayyana ba. Ɗalibinmu da ke bitar ayyukan da suka gabata a Zariya ko Kano zai ga jerin da na'ura ta ba shi, ya rubuta a babi na biyu cewa iyakar abin da aka yi ke nan.