Yadda tsofaffin gilasan hoto ke aiki a kyamarorin zamani

Gilasan kyamara da aka ƙera tun zamanin fim, waɗanda aka daɗe da jingine su, sun sake samun kasuwa a wajen masu ɗaukar hoto.

Abin da ya buɗe wannan ƙofa shi ne fitowar kyamarori marasa madubi a ciki, tun daga samfurin G1 na kamfanin Panasonic a shekarar 2008.

Kowane gilashi an ƙera shi ne domin ya zauna a wata ƙayyadaddiyar tazara daga fim. A tsohon tsarin Nikon na 1959, tazarar milimita 46.5 ce, yayin da a kyamarorin Sony marasa madubi milimita 18 ce kacal. Don haka zoben ƙarfe, wanda ake kira adafta, ya isa ya cike giɓin. Sai dai mai hoto ne zai riƙa saita gilashin da hannunsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarfin sensa, wato farantin da ya maye gurbin fim. Samfurin A7R IV na Sony, da ya fito a 2019, yana ɗaukar hoto mai ɗigo miliyan 61. Irin wannan sensa ba ta rage ingancin tsohon gilashi, tona asirinsa kawai take yi: dishi-dishin gefen hoto da fim ke rufawa yakan fito fili idan aka faɗaɗa hoton.

Matsalar ta fi tsanani a wasu gilasai masu ɗaukar fili mai faɗi, saboda haske na isa kusurwoyi a karkace. Fim bai damu da hakan ba, amma sensa takan jirkita launi.

Wasu kuwa wannan aibin suke nema. Gilashin Helios 44-2 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wanda aka kwaikwayo daga Biotar na kamfanin Carl Zeiss na Jamus, yakan murɗa bayan hoto tamkar guguwa, kuma an yi amfani da irinsa a fim ɗin The Batman na 2022.

Mai saye dai ya kamata ya haska tocila cikin gilashin, domin danshi kan haifar da fumfuna da ke cin fuskarsa.