Tsohon Gidan da Baƙin Argungu Ke Wucewa: Gidan Kanta

Yau Argungu za mu nufa, kamar tafiyar awa guda a mota daga Birnin Kebbi.

Karo na farko da na je bikin su, abin da kowane baƙo ke yi shi na yi. Na kama ɗaki a masaukin baƙi, da safe na ruga bakin Matan Fada, na ga dubban masunta sun faɗa ruwa da homa da gora, aka fito da giwan ruwa, na koma gida. Sai daga baya wani dattijo ya ce mini, “Ɗana, kifi ka gano, ba ka ga Argungu ba, tunda ba ka shiga Gidan Kanta ba.” Da na koma, na tarar gaskiya ya faɗa.

To, mene ne Gidan Kanta? Tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce. Sunan kuwa na Muhammadu Kanta ne, wanda ya kafa daular Kabi wajen 1515, hedikwatarsa tana Surame. Shi Kanta bai taɓa kwana a gidan ba, don a zamaninsa sarautar ba ta zo Argungu ba. Abin da ya kawo ta nan yaƙi ne. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, sarakunan Kabi suka fita, daga baya Sama'ila Karari ya kafa sansani a Argungu. A 1831 aka kashe Karari, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. Shekara 18 ya yi a can. A 1849 ya dawo ya ɗaga tutar tawaye, kuma da shi ne ake danganta ginin wannan gida.

Kun ga ke nan, gida ne na mutanen da aka kora suka ƙi miƙa wuya. Daga cikinsa aka yi ta shirya yaƙi da Sakkwato da Gwandu shekaru da dama.

Sai 1934, Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu. Jikan waɗanda aka yi ta gwabzawa da su, ya zo baƙunta! Kabawa suka shirya masa gagarumin su don girmamawa, daga nan bikin da muka sani ya samo asali. A lokacin fa, wannan gidan ne fadar sarki. Sai a 1942 aka koma sabuwar fada, ranar 1 ga Yuli 1958 kuma aka buɗe tsohon gidan a matsayin gidan tarihi.

Idan ka shiga yau, sassa 11 ne. Akwai takubba, masu, kwari da baka, tsofaffin bindigogi, layu da tambura. A gefe kuma ga kaburburan sarakuna. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, makaman nan duk an rataye su, ba mai ɗauka. Wato abin da ake murna da shi a bakin ruwa ke nan.

UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Amma biki na kwana huɗu ne, wasu shekarun ma ba a yi, an taɓa shafe kusan shekara goma ba a yi ba kafin 2020. Gidan kuwa yana nan kullum, damina da rani, kuma tsohon gini sai da kulawa. Idan ya lalace, yaranmu za su ga ana kama kifi ba su san dalili ba.

Saboda haka in Allah Ya kai ku Argungu, ku fara da Gidan Kanta kafin ku gangara ruwa. Wanda ya taɓa shiga, ya gaya mana abin da ya gani.