Tungar Dutse a Sararin Samaniya: Asalin Yaƙin Solomon da A Baoa Qu

Da yammacin Asabar, 1 ga Disamba 1979, gidan talabijin na Nagoya a ƙasar Japan ya haska kashi na 35 na wani fim ɗin katun mai suna Mobile Suit Gundam. Shirin ba ya samun 'yan kallo yadda aka so, kayan wasan yaran da aka ƙera da sunansa ma ba su shiga kasuwa sosai ba. A wannan kashi ne rundunar Tarayyar Duniya ta auka wa Solomon, wani ƙaton dutse mai shawagi a sararin samaniya, wanda dakarun daular Zeon suka rarake cikinsa suka mai da shi tungar yaƙi. Bayan makonni bakwai aka nuna farmaki na biyu a kan wata tungar mai suna A Baoa Qu, daga nan shirin ya ƙare. Ba a taɓa yin waɗannan yaƙe-yaƙe ba, amma yau a Japan akwai masu furfura da za su zayyana maka su dalla-dalla, wane ayarin jirage ya ɓullo ta ina, wane kwamanda ya faɗi a hannun wa. Abin da ya sa suka zauna a zukatan mutane haka, a ganina, shi ne ƙarya ce da aka gina a kan ƙashin yaƙin gaske.

Dutsen kansa ya girmi labarin nesa ba kusa ba. A daren 1 ga Janairu 1801 masanin taurari Giuseppe Piazzi ya hango Ceres daga birnin Palermo na Italiya, a 1804 kuma aka gano Juno, sannu a hankali aka fahimci cewa tsakanin duniyar Mars da Jupiter akwai duwatsu bila adadin suna kewaya rana. Marubutan ƙagaggun labarai ba su yi sanya ba. Tun a 1898 Garrett Serviss ya rubuta labarin da ake haƙar zinariya a kan irin wannan dutse, a 1934 kuma E. E. Smith ya ɓoye 'yan fashin sararin samaniya a cikin wata 'yar ƙaramar duniya da suka ƙera wa kansu. Amma duk waɗannan maɓoyar ɓarayi ce ko wurin neman arziki. Ba a kai ga tungar da za a jibge dakarun ƙasa guda a cikinta ba tukuna.

Wanda ya buɗe wannan ƙofa, ba da niyya ba, malamin kimiyyar fiziks ne a Jami'ar Princeton ta Amurka, Gerard O'Neill. A wata maƙala ta 1974, sannan a littafinsa The High Frontier na 1976, ya kawo shawarar a gina garuruwa a sararin samaniya: manya-manyan bututu masu tsawon kilomita kusan 30, suna juyawa a hankali don mazauna ciki su ji nauyin jikinsu kamar suna doron ƙasa. Wurin da ya zaɓa musu shi ne inda jan duniya da jan wata suke daidaita, wuraren da Joseph-Louis Lagrange ya lissafo tun a 1772. Kayan gini kuwa, tun da ɗaga su daga ƙasa tsada gare shi, sai a haƙo su daga wata da kuma waɗancan duwatsu. O'Neill mutum ne mai kyakkyawan zato. Yana ganin in wuri ya yalwata, makamashi ya wadata, dalilan faɗa za su ragu.

Yoshiyuki Tomino, daraktan Gundam, ya ɗauki taswirar O'Neill kusan ɗungurungum, amma bai ɗauki kyakkyawan zatonsa ba. A labarinsa, talakawa ne aka kwashe aka kai garuruwan sama, masu hannu da shuni suka zauna a ƙasa suna mulkinsu daga nesa. Rukunin garuruwan da ya fi nisa, a bayan wata, ya yi tawaye ya kira kansa daular Zeon, gidan Zabi suka ƙwace ragamarsa, cikin wata guda na yaƙi rabin bil'adama ya hallaka. Duwatsun da aka janyo don haƙar ma'adinai kuwa, bayan an cinye cikinsu an bar su da ramuka, sai suka zama barikokin da ba sai an gina ba. Ita ma Tarayya tana da nata, Luna II, wanda a labarin shi ne Juno ɗin nan na 1804. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai: tungar ba daga sama ta faɗo ba, tsohuwar mahaƙa ce, tana da tarihin gumin ma'aikata kafin ta sami na jinin sojoji.

Saura tambaya guda, wadda duk mai hankali zai yi: me zai hana a tsaya daga nesa a yi wa dutsen ruwan makamai masu linzami? Masu shirin suka ƙago wani sinadari, suka raɗa masa suna Minovsky, wanda in aka watsa shi na'urar rada da rediyo sai su makance. Shi ke nan yaƙi ya koma na ido da ido, dole soja ya shiga cikin mutum-mutumin ƙarfe mai tsawon mita 18 ya je har bakin ƙofa. Asalin dabarar don a halatta zaman mutum-mutumin ne, tun da shi kamfanin kayan wasa na Clover mai ɗaukar nauyin shirin yake son sayarwa. Amma ita ce ta dawo da tsohon yaƙin ƙawanya cikin zamanin kumbo.

Kada a manta, shekara guda kafin nan, a 1978, Star Wars ya shiga gidajen sinima na Japan da tasa tungar, Death Star. A can harbi ɗaya ne a rami ɗaya, tungar ta tarwatse, 'yan kallo suka yi tafi, ba wanda ya tambayi su wane ne ke ciki. Daraktan fim ɗin, George Lucas, ya kwaikwayi finafinan yaƙin jiragen sama na Ingila irin su The Dam Busters na 1955, wato yaƙi kamar yadda mai nasara ke tuna shi. Tomino ya shiga da mai kallo cikin dutsen.

Kwamandan Solomon shi ne Dozle Zabi, ƙato mai tabo a fuska, wanda sojojinsa ke ƙauna. Ya nemi ɗauki daga wansa Gihren, aka aiko masa da makami guda ɗaya tak, Big Zam, shi ma a wargaje. Girman kai ya hana shi roƙon 'yar'uwarsa Kycilia da ke riƙe da sansanin wata. Tarayya ta turo ƙaramin ayari ta gaba don ɗauke hankali, babban ayarin Admiral Tianem kuma ya laɓe a bayan kufan garuruwan da yaƙi ya rusa, ya shimfiɗa madubai miliyan 4 a sarari, ya tattara hasken rana ya auna gefen tungar har dutsen ya narke. Wanda ya san almarar Archimedes, da aka ce ya ƙona jiragen Rumawa da madubai a Syracuse, zai gane inda aka samo wannan. Da Dozle ya ga ba makawa, sai ya sa matarsa Zenna da jaririyarsa Mineva a kumbon tsira, ya umarci dakarunsa su janye, shi kuma ya hau Big Zam ya tare musu hanya. Ya nutsar da jirgin Tianem. Sai da wani matuƙin Tarayya mai suna Sleggar ya sadaukar da ransa kafin jarumin shirin Amuro, yaro ɗan shekara 15 da ke tuƙa mutum-mutumin Gundam, ya iya kai masa sara. Ko a lokacin, Dozle ya fito daga cikin wuta da bindigar hannu yana harbin mutum-mutumin ƙarfe. Maƙiyi ne, hannunsa kuma dumu-dumu yake da jinin bayin Allah, amma shirin bai yarda ka yi murnar mutuwarsa da zuciya ɗaya ba. Masu nasara suka canza wa dutsen suna zuwa Konpeito, wata alewar Japanawa mai ƙahonni kamar tsidau, don siffarsa ke nan.

Tufafin Zeon da gaisuwarsu na Jamusawa ne, har uban gidan, Degwin, ya taɓa kamanta ɗansa Gihren da Hitler a gaban idonsa. Amma taswirar yaƙin, in ka dube ta da kyau, ta Japan ce. Sunan Solomon kaɗai ya isa ya tuna wa Bajapane tsibiran Solomon, inda aka gwabza a Guadalcanal daga Agusta 1942 zuwa Fabrairu 1943, inda kuma aka harbo jirgin Admiral Yamamoto a Afrilu 1943. A Satumbar wannan shekara Japan ta shata layin tsaro a Tekun Fasifik ta ce ba za a tsallake shi ba, Amurka ta riƙa cin tsibiri ta tsallake wani, ta bar dakarun Rabaul a zaune ba su da amfani. Haka Zeon ta shata nata layin da Solomon da birnin Granada na kan wata da A Baoa Qu, Tarayya ta ci na farko, ta tsallake na biyu, ta nufi na uku. Dutsen da aka rarake kuwa, a Iwo Jima Janar Kuribayashi ya haƙa ramuka masu tsawon kusan kilomita 18, ya shige da sojoji kimanin 21,000 a Fabrairu 1945. Waɗanda suka fito da rai 'yan kaɗan ne, Amurkawa kusan 6,800 kuma suka mutu wajen karɓar tsibirin. An haifi Tomino a 1941. Shi da abokan aikinsa sun tashi ne a gidajen da ba a rasa wanda ya tafi wani tsibiri bai dawo ba, ko maƙwabcin da hakan ta same shi.

A A Baoa Qu wannan kamanni ya fi fitowa fili. Sunan dai an aro shi ne daga wata dabbar almara a littafin Jorge Luis Borges na ƙasar Ajantina. Zeon ta ƙera sababbin makamai masu kyau, amma ƙwararrun matuƙa sun ƙare, sai 'yan makaranta aka ɗora a kai, kamar yadda Japan ta fara kwasar ɗaliban jami'a zuwa fagen fama a Oktoba 1943. Akwai wurin da ɗaya daga cikinsu yake ƙonewa yana kiran mahaifiyarsa, kuma jarumin shirin ne ya kashe shi. Wannan fa shiri ne na yara, da ƙarfe biyar da rabi na yamma.

Kuma tungar ba ƙarfin Tarayya kaɗai ya ci ta ba. Tsoho Degwin ya fita neman sulhu da Janar Revil na Tarayya, Gihren ya harba wani makamin haske da aka yi da gari sukutum, ya ƙone ubansa da Revil tare da kusan sulusin jiragen Tarayya. Da aka fara farmakin, Zeon ce ke da rinjaye. Ana tsakiyar fama Kycilia ta tabbatar wanta ne ya kashe mahaifinsu, ta harbe shi a ka a ɗakin ba da umarni. Cikin ɗan ruɗanin da ya biyo baya layin tsaro ya karye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ita ma ba ta tsira ba, Char, wanda gidan Zabi suka ƙwace mulkin mahaifinsa, ya kashe ta tana shirin gudu. A kalandar labarin wannan ya faru ne ranar 31 ga Disamba ta shekara ta 0079, washegari aka sa hannu a takardar tsagaita wuta.

Saurin da abubuwan nan suka zo da shi yana da dalili na kuɗi. An tsara shirin kashi 52 ne, aka datse shi zuwa 39, da ƙyar aka roƙo ƙarin huɗu, ya ƙare a kashi na 43 ranar 26 ga Janairu 1980. Ni ina ganin datsewar ta yi wa labarin rana, domin haka ƙarshen yaƙi yake zuwa, a gurguje, a hargitse. Bayan watanni shida kamfanin Bandai ya fito da ƙananan mutum-mutumin roba da ake harhaɗawa a gida, yen 300 kowanne, aka yi ta rububinsu. Aka mai da shirin finafinan sinima uku a 1981 da 1982, na ukun kuma shi ne ya sake zana Solomon da A Baoa Qu da kyau, ya kai su ga waɗanda ba su kalli talabijin ba. Daga nan tungar dutse ta zama gado. A fim ɗin 1988 Char ya nemi jefo dutsen Axis a kan duniya, a Gundam SEED na 2002 kuma yaƙin ya sake ƙarewa a kan tungogi biyu, Boaz da Jachin Due.

Ilimi ya zo daga baya ya gyara hoton, kuma Japanawan ne da kansu suka fara. A 2005 kumbonsu Hayabusa ya isa dutsen Itokawa, mai tsawon mita 500 da 'yan kai, aka tarar ba dunƙulallen dutse ba ne, tarin tsakuwa da ɓaraguzai ne da jan juna mai rauni ya riƙe. A Oktoba 2020 kumbon Amurka OSIRIS-REx ya taɓa dutsen Bennu don ɗebo samfuri, hannunsa ya nutse kusan rabin mita ba tare da wata turjiya ba. A Satumba 2022 aka kara wa dutsen Dimorphos kumbon DART da gangan, tarkacen da ya watsu ya taimaka wajen rage lokacin kewayensa da fiye da minti 30. Da yawa daga cikin ƙananan duwatsun da ke kusa da mu haka suke, kuma wanda ya haƙa bariki a cikinsu rufin zai rufta masa tun kafin maƙiyi ya iso. Mai neman tunga irin ta Dozle sai ya je ga manya irin su Juno, mai faɗin fiye da kilomita 200, kuma babu injin da ɗan Adam ya mallaka a yau da zai iya janyo irinsa zuwa kusa da wata.